Ranar da Aka Aiki Iro Kasuwa da Turanci

Zakara na fara gani. Ja ne, wutsiyarsa na sheƙi a hasken hantsi, an rungume shi a hammata kamar jariri. Mai rungumar dattijo ne siriri, da adudu a kansa, ya doshi ƙofar aji huɗu na makarantar Bebeji. Ranar ce ta farko da na zo koyon aikin malanta. Daga Kiru na taso a keken aro, na sha farar riga, zuciyata cike da mafarkin yadda zan tsaya gaban yara ina zuba Turanci kamar ruwan marka. Na tare wani ɗalibi na tambaye shi ko tsohon nan ɗan kasuwa ne ya ɓata hanya.

"Ai shi ne Malam Haladu," in ji shi, "malamin Turanci."

Ku yaran yanzu kuna cewa koyar da Turanci ba wani aiki ba ne: a rubuta kalma a allo, a faɗi ma'anarta da Hausa, yara su maimaita, a kaɗa ƙararrawa. To ku gyara zama. Abin da ake biyan malami dominsa ba zuba kalmomi ba ne. Sanin ko kalmar ta zauna a kan yaro shi ne aikin, kuma nan ne gumi yake.

A darasin farko da na gani, Malam Haladu ya buɗe adudunsa ya jera kaya a kan benci: ludayi, igiya, madubi, kwaɗo da mabuɗinsa, tsohon takalmi, ƙwai a cikin ƙoƙo. Ya ɗaga kowanne ya kira sunansa da Turanci, aji ya amsa. Ya kama zakaran ya nuna kai, ya nuna ƙafa, ya nuna fiffike, aji na amsawa da murya ɗaya, da irin zaƙin da suka saba karatun allo da shi. Wallahi sun burge ni. Ya juyo gare ni.

"Ɗan Kiru, sun iya?"

"Sun iya ƙwarai, Allah gafarta Malam."

"Da me ka sani?"

"Ai na ji da kunnena."

Ya kira yaron da muryarsa ta fi ta kowa tashi, ya ce masa da Turanci ya taɓa ƙafar zakara. Yaro ya taho da ƙwarin gwiwa ya ɗauki ludayi. Aji ya kwashe da dariya, zakaran ma ya buga cara kamar da gayya.

"Kunnenka ya ji aji," in ji Malam Haladu. "Aji kuwa ba ya zuwa jarrabawa. Ɗaya-ɗaya ake zuwa."

Shekara biyu na yi a ƙarƙashinsa. Na koyi shafe allo da garin gawayi da ruwan ƙaro, na koyi fere farar ƙasa in alli ya yanke daga Kano. Amma babban abin da na ɗauka shi ne rashin saurin yarda. In yaro ya kawo abin da aka ambata yau, Malam Haladu ba ya cewa ya iya. Sai kasuwa ta zagayo ya sake tambayarsa, ba gargaɗi. In an koya masa sunan igiya da igiyar adudu, sai a gwada shi da igiyar guga a bakin rijiya. Ni dai a raina kalmar Turanci kamar baƙuwar budurwa ce da ta zo gari biki. Don ka gan ta sau ɗaya cikin kwalliya ba za ka ce ka san ta ba. Sai ka gane ta a rafi ba lalle ba kwalli, ka gane tafiyarta daga nesa, ka gane muryarta ta bayan danga.

Daga nan aka tura ni Tudun Wada, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin, na sami ajina na kaina. A lokacin ba iyaye ke kawo yara boko ba, dagaci ke bin gida-gida yana karɓa, uwa na kuka kamar an yi mata rashi. Saboda haka masu hulɗa da mu ba masu godiya ba ne. Uba zai tare ka a hanyar masallaci ya ce, "Malam, yaron nan dai yaushe za ku gama da shi? Ciyawa ta cinye min gona."

Shekarata ta biyu a can ita ce mummunar shekara. Ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauke rufin ajinmu, littattafan karatu suka jiƙe suka zama kamar kunu, abin da ya tsira gara ta ƙarasa. Muka koma gindin tsamiya. Daga nan, in hadari ya wanke sama, ana hango duwatsun wajen Doguwa shuɗi-shuɗi, kamar an rina su a marina an shanya. Ba littafi, sai adudun da na haɗa irin na maigidana, sai kuma duk abin da ido ya gani: jaki, rumbu, gajimare, mace da tulu. A shekarar ce Iro ya kai aji huɗu.

Iro ɗan Maƙeri Audu ne. Baƙi, dogo, mai manyan idanu masu sanyi, da tabon tartsatsi a hannu. Yana da in'ina mai tsanani. Abin mamaki, in aji na rerawa tare, harshensa sumul yake tafiya, ba ka jin ko tuntuɓe. Amma ka kira sunansa shi kaɗai, sai leɓɓansa su kama rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, kalma ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi fita. Malaman da suka riƙe shi kafin ni sun gama yanke hukunci cewa kansa ba ya ja.

Wata rana da rana tsaka ina fere farar ƙasa bayan an tashi. Ina da ɗabi'ar yin magana ni kaɗai da Turanci don kada bakina ya yi tsatsa. Na ce, da Turanci, wuƙar nan ta dakushe, ina ma da dutsen wasawa. Ban ma lura akwai mutum kusa ba. Jim kaɗan sai ga Iro da gudu daga maƙerar ubansa, ya durƙusa ya ajiye dutsen wasa wuƙa a gabana.

Sai na tuna Malam Haladu. Wataƙila ganin wuƙar ya yi ya gane. Daga ranar na shiga aikensa da Turanci, hannuwana a baya, idona a sama don kada su nuna masa komai. Kawo ruwa, ba a ƙoƙo ba, a buta. Je ka tsaya bayan jakin da ya fi ƙanƙanta. Na koma kan kalmomin da muka yi tun kafin shuka, waɗanda sauran yara suka daɗe da zubarwa. Duk suna nan a kansa, a jere, kamar dawa a rumbu.

Aji huɗu shi ne ƙarshen makarantarmu. Yara kaɗan ake zaɓa su je su rubuta jarrabawar shiga makarantar gaba, wanda ba a zaɓa ba kuwa shi da boko sai a labari. Mai zaɓen shi ne mai duba makarantu, kuma da baki yake tantancewa, yaro ya tsaya a gabansa ya amsa tambaya. Iro na son ci gaba kamar ransa. Na sha ganinsa yana shafa bangon wani littafi da gara ta cinye cikinsa kamar mai lallashin ɗan tsako. Ubansa kuwa ya riga ya faɗa min ƙarara.

"Malam, in bai wuce ba kada ka damu. Ni dama zugazugi na jiransa."

Mai dubawar a shekarar Malam Yakubu ne, kakkaura, mai tabarau da yawan raha, amma ba a yi masa wayo. Mota ta sauke shi a Kwanar Dangora, ya ƙaraso a keke, ya iso mana ranar kasuwa da hantsi. Ya zauna gindin tsamiya yana kiran yara. Da aka zo kan Iro, ya ɗaga madubi ya tambaye shi mene ne wannan. Iro ya buɗe baki. Gumi ya keto masa. Malam Yakubu bai tsawata ba, ya jira, ya sauya tambaya, ya sake jira. Daga ƙarshe ya ce a hankali, "Je ka zauna, yaro."

Da yara suka fita shan iska na matso na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, yaron nan ya fi duk ajin sanin kalmomi."

"Wanne? Wanda ya tsaya kamar turmi?"

"Shi. Harshensa ne ke riƙe shi. Jarrabawar can kuma ai ta rubutu ce."

"Kai malaminsa ne, kana ƙaunarsa, na gani a idonka. Ƙauna ba hujja ba ce."

"To ya rubuta a allo ka gani."

"Na ga yaran da ke zana kalma tsaf kamar zayyana, ba su san ko sunan kifi ba ne ko na kaza. In na ba shi gurbi na hana wani, me zan gaya wa uban wancan?"

Gaskiya ya faɗa. Sai na ce, "To a aike shi."

Ya sauke tabarau ya dube ni. Na yi masa bayani. Murmushi ya fara bazuwa a fuskarsa.

"Na yarda, amma da sharaɗi. Ba da kayan adudunka ba, ya saba da su. Kasuwa za mu je. Ni zan zaɓi abin aiken. Kai kuma ka juya baya, ko girarka ban yarda ta motsa ba."

Muka zauna a wata rumfa a bakin kasuwa. Kafin mu gama shimfiɗa buzu labari ya gama gari: baƙo daga Kano ya ce ɗan Maƙeri Audu bai san komai ba. Wanda ya fi kowa hasala shi ne Maƙeri Audu, mutumin da jiya-jiya yake addu'ar a sako masa ɗansa. Ya baro rumfarsa da guduma a hannu yana faɗin, "Ɗan nawa? Wa ya ce?"

Malam Yakubu ya yi wa Iro magana da Turanci, ya ce ya kawo masa allura. Iro ya juya ya shige kasuwa. Ni ina kallon bango, sai hayaniya nake ji tana ƙaruwa. Da aka ce in juyo, abin da na gani har gobe in na tuna sai na yi dariya. Ga Iro tafe, an ɗora masa faifai a ka, an tula masa albasa, barkono, sabulu, gishiri, lauje, ƙwarya, har da takalmin fata ƙafa ɗaya. Ubansa na biye da shi da fartanya da gatari. Wani ya jawo akuya. A gaban ayarin kuwa Asabe mai daddawa ce, wata bazawara mai dogon wuya da fararen idanu, wadda in ta yi dariya sai ka ga kamar an buɗe taga. Ita ta shirya abin. Tunda ba wanda ya ji abin da baƙon ya ce, sai ta ba da shawara kowa ya sa nasa, dole dai a dace.

Malam Yakubu ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye.

"Na aiki yaro abu ɗaya, ya kwaso min kasuwar Tudun Wada!"

"To, ranka ya daɗe, duba mana," in ji Asabe. "Abin naka ba ya ciki?"

Iro ya sauke faifan, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya buɗe tafin hannunsa. Allura ce, ya damƙe ta har ta yi masa shaida a fata. Jama'a suka ɗauki sowa. Malam Yakubu ya ɗaga hannu.

"Ban karɓa ba."

Ya dubi jama'a ya ci gaba.

"Wa ya tabbatar min shi ya zaɓa, ba cusa masa aka yi ba kamar sauran? Baba Maƙeri, da hannunka ka ɓata wa ɗanka shaida."

"Haba Malam!" in ji Maƙeri Audu. "Sai mu zuba ido yaro ya ji kunya gaban baƙo? A garin nan ba a yin haka."

"In kuna son ya fita kunya, ku bar shi shi kaɗai."

Aka kira sarkin kasuwa ya yi shela: ba mai miƙa wa Iro komai, ba mai nuni, ba mai tari. Ban taɓa ganin kasuwa ta shiga irin wannan hali ba. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Masu awo suka rungume hannu. Asabe ta toshe bakinta da gefen mayafi, idanunta kaɗai ke magana. A wannan karon Malam Yakubu ya bar ni in kalla, amma ya sa ni zama a bayansa inda Iro ba ya ganina.

Ya ce ya kawo igiya, ba sabuwa ba, tsohuwa. Iro ya wuce rumfar masu igiya ko kallo bai yi ba, ya je ya kwance wadda aka ɗaure jakin mai gishiri da ita, ya riƙe jakin da hannu ɗaya har mai shi ya karɓa. Ya ce ya je wurin mahauci, kada ya taɓa nama, ya tsaya a hagunsa, sannan ya dawo a hankali. Iro ya je, ya tsaya, ya dawo yana taku kamar ango. Mutane ba su san abin da aka ce ba, fuskar baƙon suke karantawa. Da ya gyaɗa kai sai guɗa ta ɓarke daga rumfar mata, sarkin kasuwa na daka musu tsawa.

Sai Malam Yakubu ya jefa wata kalma da ni na san ban taɓa koyar da ita ba, sunan ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi. Iro bai motsa ba. Ya dubi ƙasa, sannan ya ɗago ya girgiza kai.

"Ya faɗi?" in ji Maƙeri Audu.

"Wannan ta fi burge ni," in ji Malam Yakubu. "Da mai canki-canki ne, da ya ruga ya ɗauko min wani abu. Saura ɗaya."

Ya yi maganar a hankali, yana kallon Iro ta saman tabarau. Ya ce ya kawo masa hular ubansa.

Na ga Iro ya daskare. Ya ji sarai, shi ya sa. Wane ɗa ne zai miƙa hannu ya cire hula daga kan mahaifinsa a tsakiyar kasuwa? Ya taka har gaban uban ya durƙusa. Ba abin da zai fisshe shi sai magana.

"Ba... Ba... Ba..."

Leɓɓansa na rawa. Maƙeri Audu ya buɗe baki zai taya shi, ya tuna, ya rufe. Akuyar nan ce kaɗai ke motsi a kasuwar.

"Baba... a... a ara min hu... hula."

Maƙeri Audu ya dubi jama'a, ya dubi ɗansa. Ya sa hannu biyu ya tuɓe hular, tsohuwa mai ƙaurin hayaƙi, sanƙonsa ya bayyana yana ƙyalli a rana, ya ɗora ta a tafin yaron. Iro ya kawo ta gaban Malam Yakubu. Ba wanda ya tambaye shi komai. Shi da kansa ya ja numfashi, ya faɗa da Turanci, yana tuntuɓe a kan kowace gaɓa amma bai tsaya ba, cewa wannan hular mahaifina ce.

Abin da ya biyo baya ba na iya tsara muku shi. Na dai san wani ya ɗaga Iro sama, mai kalangu ya ɓullo ban san daga ina ba, Maƙeri Audu na zagaya rumfuna kai ba hula yana cewa, "Kun ji? Turanci ya yi! Ni na haife shi!" Asabe ta tura min ƙullin daddawa a aljihun farar rigata, wai tukuicin malami. Rigar ba ta sake komawa daidai ba, ni ma haka. Kafin kaka ta zagayo an ɗaura mana aure.

Da muka koma gindin tsamiya Malam Yakubu ya sa aka aiki sauran yaran ma haka, don kada a ce an yi wa ɗaya gata. Waɗansu da suka yi zaƙin baki da safe suka tabbata sun iya, waɗansu suka dawo da abin da ba a aike su ba. Sannan ya ja ni gefe.

"Kada kanka ya kumbura. Aike ya nuna min yaro ya ji kalma ya gane. Bai nuna min zai iya sarrafa ta a takarda ba. Kafin ranar jarrabawa ka sa shi rubuta abin da ya gani a maƙera, da kalmominsa, ba naka ba. Zan sa sunansa."

Haka muka yi. Iro ya je ya rubuta jarrabawa, ya ci. Ranar tafiyarsa ubansa ya ƙera masa kwaɗo da mabuɗi na akwati da hannunsa, ya raka shi har Kwanar Dangora, yana gaya wa duk wanda ke cikin motar ko ɗan wane ne.

Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da ake aikin dam a Tiga, na je ganin wani ɗan'uwana da ke cikin leburori. Ƙura ta turnuƙe, manyan motoci na ruri. Can na hango wani dogon mutum da takardar zane a hannu, tsaye tsakanin injiniyoyi baƙi da taron ma'aikata. Injiniya ya yi magana da Turanci, shi kuma ya juya wa ma'aikata da Hausa, yana tsayawa, yana ja, jijiyar wuyansa na tashi. Iro ne. Shi ne shugaban masu awon ƙasa, kuma shi ne tafintan wurin. In'inar na nan yadda na san ta.

Na ce wa ɗan'uwana, "Duk faɗin wurin nan ba a sami mai saurin baki ba?"

"An samu, Yaya," in ji shi. "Har biyu aka gwada. Bakinsu kamar rediyo, amma sau nawa muna haƙa rami a sa mu cike shi. Shi wannan sai ka ƙosa kafin ya gama. Amma tunda ya karɓi aikin, ba mu taɓa haƙa inda ba a ce ba."